Ɗaki Mai Taya daga Gashuwa

Dayi, ta hanyar Malumfashi,
cikin marka.

Zuwa ga Sa'idu,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kwanciyarka ta zama hutu. Bayan gaisuwa, na san takardar nan ba inda za ta. Ko da gidan waya na da masinjan da ke zuwa inda kake, rubutuna ne zai hana ka karantawa, don malamin da ya koya mini boko a Malumfashi tun ina aji biyu ya sallame ni, ya ce in je in taimaki auduga, ita ta fi bukatata. To ga ni dai ina jan fensir kamar mai huɗa a fako.

Ka ga na rubuta sunanka a sama. Sai da na leƙa tsakar gida na ga ba kowa sannan na rubuta. Tun ranar da aka raɗa maka shi bai taɓa fita daga bakina ba, kai ma ka sani. Ɗan fari ne kai. Yayata Goggo ta ɗauke ka tun daga yaye, muka bar mata. Ni in ce Na-Goggo, uwarka ta ce yaron can. Haka muka tarar ana yi, haka muka yi.

Labarin gida ba shi da yawa. Idon Goggo ya ƙara tafiya, yanzu da murya take gane mutum. Ƙanwarka Lami ta sauka, an sami mace, hancina ta ɗauko, Allah ya ba mijin da zai aure ta haƙuri. Uwarka ce ba ta da lafiya, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Ranar da waya ta zo cewa sanƙarau ya ɗauke ka a sansanin Baturen nan mai auna ƙasa don haƙa rijiyoyi, can bayan Gashuwa, Goggo ta faɗi ta yi birgima, mata suka rirriƙe ta. Duk wanda ya shigo gaisuwa ɗakin Goggo yake nufa. Uwarka kuwa ita ce ta hura wuta, ta dama wa masu gaisuwa kunu, ta wanke ƙore. Ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Da ta yi kuka da an ce ba ta da kara, wace ce ke yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane? Aka yi ta yaba mata. Daga ranar abinci ya daina wucewa ta maƙogwaronta. Ba ta kwanta ba, ba ta ce wani wuri na ciwo ba, sai dai zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma tana zagaya shi sau biyu. Ni da nake sa kasuwar Dayi dariya har mai nama ya manta da wuƙarsa, na gwada duk wasan da na sani a tsakar gida, ta dube ni kamar mai duban turmi.

Ana nan sai aka ce a ofishinmu na ma'aikatar gona a Funtuwa, Bature ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, ana neman direban da zai je ya jawo Landiroba da ɗakin da yake kwana a ciki. Kowa ya sunkuyar da kai, sai ni na ɗaga hannu. Na ce wa abokan aiki zan je in ga ko gaskiya ne kifin Gashuwa ya fi matan garin yawa. A raina kuwa cewa nake, in na samo wani abu naka, ko da hula ce, na sa mata a hannu a cikin ɗaki inda ba mai gani, wataƙila kukan ya fashe ta samu ta ci abinci.

A bayan motocin kaya na tafi, daga wannan zuwa waccan, har na isa. Ƙasar nan da ka je ka kwanta, me ka gani a cikinta? Rairayi ne da ƙaya, da rana mai dafa ƙwai a aljihu. Na tarar da sansanin an watse, saura Malam Bukar, kukun Bature, wani dattijo Babarbare da aka bari yana gadi. Ga kuma ɗakin a gindin aduwa. Ka sha ba Goggo labarinsa, amma ban yarda ba sai da na gani: ɗaki sosai a kan taya biyu, da ƙofa, da taga mai labule, da gado, da ɗan murhu, har da madubin aski. Mutum ya rasa abin da zai ɗauko daga gida sai gidan kansa.

Malam Bukar ya ba ni ruwa, ya tambaye ni me nake gare ka. Bakina ya riga hankalina. Na ce yaron gidanmu ne. Ka ji fa. Nesa da gida haka, inda ba wanda ya san ni balle ya ce na yi rashin kunya, bakin nan nawa da ba ya gajiya ya kasa cewa ɗana ne. Da na so in gyara, magana ta riga ta wuce.

Da yake ya ɗauke ni baƙo, sai ya saki baki. Ya gaya mini yadda wuyanka ya sandare, da yadda ka yi ta neman a rufe maka haske, abubuwan da ba a gaya wa uba. Ya ce tabarmarka da rigunanka da hularka duk Bature ya sa an ƙona saboda ciwon. Wato abin da na zo nema ya zama toka tun kafin in baro Funtuwa.

Sannan ya ce in da na san ka da kyau da na san ba a zama da kai ba a yi dariya ba. Wai kullum in an tashi daga aiki sai ka tara leburori ka ba su labaran ubanka, wani direba a Funtuwa da ba a yi mai barkwanci kamarsa ba. Ya miƙe tsaye, dattijo da shi, ya yi mini labarin ranar da birki ya tsinke mini a gangare na yi ta yi wa mota wa'azi. Da ɗan tarin da nake yi kafin in kai ƙarshe, da yadda nake tura hula gaba, bai bar ko ɗaya ba. A ina ka ji wannan? Ban taɓa yin wasa kana wurin ba. In ka shigo zaure nakan ɗaure fuska in tambaye ka ko an ba jaki ruwa. Ashe bayan zana kake tsayawa? Tun kana da shekara nawa? Malam Bukar ya yi dariya har da dafa ciki, ni ma na yi, don haka ya kamaci baƙo. Da ya gama ya ce in na koma in yi wa mahaifinka gaisuwa, in ce masa ya haifi ɗa. Na ce zan isar. Har yau ban sami ranar da zan zaunar da kaina in isar ba.

Ya kai ni maƙabarta. Iska ta share rairayi, ƙayar da aka ɗora ta gangara. Ya tsaya tsakanin kabari biyu, ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce ɗaya daga ciki ne. Na durƙusa na yi addu'a a kan kowanne. Wani bawan Allah ya sami addu'a kyauta daga Bakatsine, Allah ya sa yana bukata.

Washegari na maƙala ɗakin a ƙugiyar Landiroba na kamo hanya. Na daɗe ina tuƙi, na ja auduga, na ja taki, na taɓa jan wata mota da ta mutu tun daga Bakori, amma ban taɓa jan abu mai taurin kai irin wannan ba. In na yi dama ya yi hagu. In na taka birki ya tunkuɗe ni ta baya kamar rago. A wani ƙauye na so in juya, na yi baya-baya, sai ga ɗakin ya zagayo ya leƙo ni ta taga, muka dubi juna. Mutanen gari suka taru suna ba ni shawara da Barbarci. A cikin rairayi kuwa sai in sauka in tona, in shimfiɗa kaba a ƙarƙashin taya, in matsa kamar tsawon gado, in sake sauka. Da na hau hanyar Fataskum na ce na huta, ashe gargada ce ke jirana. Cokulan Bature da tukwanensa suka yi ta kiɗa a baya kamar ana rakiyar amarya.

Kowane gari da abin da suke ɗaukata. Wani wuri yara su biyo ni da gudu suna murna majigi ya zo. Wani wuri mata su kwashe 'ya'yansu su shige gida, sun zaci masu allura ne. A wata mararraba ɗan doka ya ƙame ya sara wa labule. Ni kuwa, ka san halina, na sa yatsa a baki na nuna masa Bature na barci. Ya buɗe mini hanya a kan yatsun ƙafa. Wajen Kari wani mai gari ya aiko da ƙwai da zakara a ba mai ɗakin. Na karɓa da hannu biyu, na leƙa ta ƙofa na yi ɗan gunaguni da hanci, na dawo na ce ya gode ƙwarai. Allah ya yafe mini, zakaran ya yi daɗi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, wasan ya juye mini. Na yi ta cewa akwai mai barci a ciki har na fara tuƙi kamar akwai shi. In na hango rami sai in rage wuta tun daga nesa. In na tsaya sai in rufe ƙofar mota a hankali. Na riƙa duban madubi ina ganin ɗakin na biye da ni, labule a sake, yana rangaji. Ba Bature nake tunani ba. Kuma na yi ta magana. Duk labaran da ban taɓa ba ka ba, na ba gilashin mota, da ƙarfi yadda za a ji daga baya. Na ba da na birki, na ba da na ranar aurena da na faɗa kwata da babbar riga ta aro. In na kai wurin dariya sai in ɗan dakata. Cokula ne kawai ke amsawa.

Gab da Birnin Kudu tayar ɗakin ta yi faci. Na sa jak, na shiga ƙarƙashi da rana tsaka. Malam Bukar ya riga ya gaya mini ba a ciki kake kwana ba, a nan ƙasa kake shimfiɗa tabarma don inuwa. Ina kwance rigingine sai na ga baƙin hayaƙin fitila a jikin katako, daidai inda kanka zai kasance, da ƙusar da kake rataya buta. Can kusa da ƙarfen taya kuma wani ƙullin tsumman buhu, an ɗaure shi da waya, an ɓoye yadda ɓera ba zai kai ba. Na kwance. Zangarniyoyin gero ne, gajeru masu kauri, irin na can, an zaɓo su ɗaya bayan ɗaya, ba mai tsutsa ko guda. Iri ne. Wanda ya tashi a gona ne kaɗai zai yi wannan zaɓi. Wato kana can kana jan sarƙar awo kana tunanin gayaunarka, 'yar gonar nan da na yanka maka a bayan gari. Wuta ba ta same shi ba don ba wanda ya san yana nan.

Na daɗe a ƙarƙashin nan. Wani mai jaki ya tsaya ya leƙo ya tambaya ko aikin ya gagara. Na ce ƙasa ce ta faɗa mini a ido.

Na wuce gadar Wudil, na ratsa Kano ina addu'a kada in shiga lungun da sai na juya. Bayan Gwarzo ruwan fari ya sauka, aka sa shinge a hanya kamar yadda akan yi don kada motoci su kwaɓe jar ƙasa. Direbobi suna ta zagin mai shinge, ni kaɗai nake sa masa albarka a zuci. Ban so in iso ba. Da aka buɗe, wannan 'yar tafiya zuwa Dayi a ƙaramar giya na yi ta, har mai keke ya wuce ni ya yi mini sannu.

Da yake gida a kan hanyar Funtuwa yake, na tsaya. Gari ya fito kallo. Aka jawo Goggo ta shafa ƙofar ɗakin da hannu, ta shafa taga, ta sake sabon kuka. Uwarka ba ta fito ba. Daka take yi, ina jin taɓarya ta bayan katanga, bugun bai canja ba. Na shiga, ta yi mini sannu da hanya, ta kawo ruwa. Ba ta tambaye ni ko na ga kabari ba, ba za ta iya ba. Na ajiye ƙullin a bakin rumbu, na ce wa iska wani ya aiko da iri daga gabas. Ba ta duba ba. Da safe ƙullin ba ya nan.

Na kai ɗakin Funtuwa, akawu ya ƙirga cokula ya ce sun cika. Yana can bayan ofis, tayoyin sun sace, kajin mai gadi na yin ƙwai a ƙarƙashi.

Uwarka ce ta shuka geron, ita kaɗai, a gayaunarka. Ka san 'yar Maguzawan wajen Gozaki ce kafin a musuluntar da gidansu, fartanya ba baƙuwarta ba ce. Ita ta yi noman fari, ita ta yi maimai, ba ta bar kowa ya taka gonar ba, kuma ba ta taɓa cewa ga dalili ba. Kawunka ya zo ya duba ya girgiza kai, ya ce irin ƙasar fari ne, sauri gare shi, ba zai jira na mutane ba, kuma ruwanmu ya yi masa yawa. Gaskiyarsa. Tun dawar maƙwabta na iya gwiwa naka ya fitar da kai, ya yi ido. A duk karkarar nan shi kaɗai ne abin ci a fili. Tsuntsayen jan-baki na ƙasar Malumfashi kaf suka sami labari.

Ta ɗaura igiya da gwangwanaye, ta kafa 'yar rumfa, ta zauna korar tsuntsu. Ranar da na fara jin ta ina tahowa ne daga bakin titi. Na ji ihu daga bayan gari, na tsaya cik. Na san muryar mai korar tsuntsu, tun ina yaro nake yi. Wannan daga ciki take fitowa, doguwa, ta tashi ta karye ta sake tashi. Na laɓe a bayan kuka na hango ta tsaye tsakiyar gero, hannu biyu a sama, fuska jiƙe sharkaf. Masu wucewa suna yi mata sannu da aiki, tana amsawa. Wa zai ce ta yi rashin kara? Tsuntsaye take kora. Ran nan ta dawo murya a dishe, ta zauna ta cinye tuwo har da suɗe kwano. Na shiga bayan gida na yi ta godiya ga Allah da jan-baki.

Amma geron bai tsira ba. Mace ɗaya ba ta iya wa gajimaren tsuntsu. Abin da suka bari ruwa ya sa masa funfuna, ya yi baƙi. Ko zangarniya ɗaya ta iri ba mu fitar ba. Abin da ka zaɓa da hannunka, na jawo shi tun daga Gashuwa ina kauce wa ramuka, ya ƙare a cikin tsuntsaye. Da abinci ya ƙare suka daina zuwa. Ta je ta zauna a rumfa yini guda shiru, ta dawo, ta tura kwanon gefe.

To ga sana'ar da ubanka ya koma. Kullum da sassafe kafin ta fita, nakan ɗebi dawa a rumbu in zuba a aljihun riga, in zagaya ta bayan masallaci in watsa a gonar. Tsuntsaye su sauko, ita ta zo ta kore su. Hutun da na ɗauka a ofis ya ƙare tuni ban koma ba, na ji an ce za a ba wani makullin motar. Direban gwamnati ya zama mai kiwon jan-baki. In da wani ne ya yi, da na sami labarin ba da dariya na shekara guda. Ina jin ta sani. Jar dawa a gonar gero ba ta ɓuya ga manomiya.

Sai dai abin ba mai ɗorewa ba ne. Karan ya fara kwanciya. Hatsin mutane na gab da nuna, tsuntsaye za su sami inda ya fi aljihuna. Maƙwabta sun fara tambaya me ake tsaro a gonar da ba komai, jiya ma na ji wata ta yi dariya a bakin rijiya. Bayan girbi shanun Fulani za su shiga su take wurin ya koma fili. Daga nan ina za ta je ta yi ihu? Abincin ma da take ci yanzu bai kai na yaro ba, muryar kuma kullum ƙara siririya take, daga bakin titi na daina jin ta. Na kai ta asibiti sun ce ba su ga ciwo ba. Malam ya yi rubutu ta sha. Kawunka ya ce a yanka baƙar akuya, na ce ya yanka, ban hana kowa komai ba. Kai da ka iya zaɓen iri, gaya mini, me ake shukawa da rani wanda tsuntsu ke so?

Fensir ya ƙare, na fere shi har ba wurin riƙewa. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka, kai da maƙwabcin naka da ban san sunansa ba. Ina jin uwarka za ta riga ni isowa. In ka gan ta, kada ka tsaya jiran ta kira ka, ba za ta iya ba. Kai ka tashi ka je ka gaishe ta.

Sai mun zo.

Ni ne ubanka,
Tanko Direba.